Bargar Fada: Daga Gidan Rumfa Zuwa Gumel

In ana zancen gine-ginen gargajiya na ƙasar Hausa, akan tsaya ne a kan soro da zaure da ganuwa. Barga kuwa ba a cika kula ta ba, alhali kafin zuwan Turawa ƙarfin sarki a turakunta yake ɗaure.

A Kano, tarihi ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya gina fadar da ake kira da sunansa, shi ya fara al'adar dawakin zage, watau waɗanda ake ja ba mahayi in sarki ya hau. Kula da bargar fada aikin Shamaki ne. Ita kanta kalmar shamaki ma'anarta wurin ɗaure dawakin babban mutum. Sai ga shi mai riƙe da wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, tare da Ɗan Rimi da Sallama. Mai karatu ya auna matsayin barga daga nan.

Amma ginin kansa ba shi da ado. Katanga ce ta tubali da laka, sai rumfa doguwa mai buɗaɗɗen gaba, sai turaku a jere, da komin zuba dusa da kanwa. Dalilin wannan fasali shi ne azara. Itacen giginya ne, gara ba ta cika cinsa ba, amma ba ya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita 2. A soro magina sukan ɗaura baka su sami faɗi. A barga wa zai yi wa doki wannan wahala? Sai a kafa ginshiƙai kusa-kusa, ko a yi rufin ciyawa, iska ta riƙa ratsawa. Ƙasa kuwa rairayi ake zubawa saboda kofato. Adon da aka hana bango, jikin dokin ake kai shi: sirdi, da jalala, da lifidi ranar yaƙi.

Wannan zance ya fi nauyi a Gumel. Masarautar Mangawa ce da aka kafa wajen 1750, ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. A 1845 aka taso da hedkwatarta daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar. Haɗeja tana gefe, Kano tana gefe, Damagaram tana arewa, kuma duka ta gwabza da su. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, babu dutsen fakewa. A ganina, gari irin wannan bargarsa ta fi ganuwarsa tsare shi.

Daga 1903, da Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa, doki ya bar fagen fama ya koma na hawan salla. Har yau ana cinikin dawaki a kasuwar Maigatari ran Alhamis, sai dai bargar da akan kai su yanzu galibi ta bulo ce da kwano, kuma kwano da rana zafi gare shi.