Rumfa Mai Shan Iska a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Rumfa inuwa ce da ake kafawa da hannu a inda babu bishiya. Ba ta da bango, rufinta kuma ba a toshe yake ba. Ana kafa dirkoki huɗu ko shida, a gitta azara ko sanduna a kansu, a shimfiɗa karan dawa ko zana, a ɗaure da igiyar rama. Hikimar tana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin kara da kara: suna rage kaifin rana, iska mai zafi kuma ta samu hanyar ficewa ta sama. A bazarar Kano, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asalinta na manoma ne, domin bayan kaka kara ba ya tsada. Kafin gari ya faɗaɗa ta hanyar Zariya ya haɗiye su, Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni da Darmanawa ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa. A tsakar gida mata kan yi daka da girki a ƙarƙashin rumfa, a shanya kuɓewa da barkono a samanta. Da damina a bar soso ko duma ya haye ta, ganye ya ƙara inuwa. Malamin allo ma a nan yake zaunar da almajiransa. Kasuwanni kuwa, tun daga Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, da rumfuna aka san su.

Ba Hausawa kaɗai suka san dabarar ba. Zanen kaburburan tsohuwar Masar ya nuna inabi a kan irin wannan rumfa, Rumawa ma sun yi ta a lambunansu, daga Italiya kuma ta bazu a Turai da sunan fagola.

Gara, gobara da ruwan sama su suka ja mutane zuwa kwano. Kwano ya fi ƙarko, amma da azahar yakan gasa wanda ke ƙarƙashinsa, kuma an yi asara a wannan musanya. A yau masu walda da kafintoci na ƙera rumfunan ƙarfe da na katako masu tazara a sababbin gidajen Tarauni, a dasa inabi ko fure a gindinsu. Ta kara kuwa ta fi yawa a wurin masu rake, masu kayan miya da masu kiwon raguna.