Tangaran na Sin mai zane da rubutu

Tangaran na Sin mai zanen launi kayan faɗi-ka-mutu ne da aka ƙera domin kasuwannin waje, akasarinsa a garin Jingdezhen. Sau biyu ake gasa shi: da farko a wuta mai zafin kusan digiri 1,300, sannan a zana duwatsu, koguna, gadoji da masunta a kan ƙyallinsa, a mayar da shi wuta mai sauƙi don launin ya kama.

A zamanin Sarki Kangxi (1662–1722) kore ne ya rinjaya. Ruwan hoda, wanda ake haɗawa da zinariya, ya bayyana wajen 1720. An daɗe ana cewa malaman Kirista na Turai ne suka kai sirrinsa, amma binciken sinadarai ya nuna haɗin Sinawa daban yake, kuma wannan hujja ta fi nauyi.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na kasuwar Musulmi. Tun wajen 1600 masu ginin tangaran a Zhangzhou ke yin manyan farantai masu rubutun Larabci domin tsibiran Indunusiya. A ƙarshen ƙarni na 18 sai ga kofuna da farantai masu hatimi a tsakiya, gida huɗu-huɗu, ayoyi sun kewaye shi layi-layi. Indiya, Farisa da ƙasashen Malayu ake kai su, ana zuba ruwa a sha don neman waraka. Wanda ya san rubutun sha ba sai an yi masa bayani ba. Masu zanen ba su karanta Larabci, siffar baƙaƙen kawai suke kwaikwaya, shi ya sa a wasu kofunan rubutun ya zama ƙugiyoyi da ɗige-ɗigen da ba sa karantuwa.

A Afirka, gaɓar Sawahili ce ta fi samun tangaran na Sin, har ana liƙa shi a bangon kaburbura. Ayarin Tarabulus kuwa, da ke ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano, ya fi ɗauko yadi, takarda, duwatsun ado da takubba, ba tangaran ba. Isar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta durƙusar da shi.

Kayan Sinawa da suka cika jeren amare a Tanut da Belbeji na ƙasar Damargu ba tangaran ba ne, langa ce da fanteka na ƙarfe masu furanni, waɗanda suka ture ƙwarya gefe. Daga Hong Kong ake kawo su a shekarun 1950, kafin a kafa masana'antunsu a Legas da Kano.