Wane irin kare ya dace a ajiye a gida?

A birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, magidanta da dama sukan ajiye karnuka a gidajensu, galibi saboda fargabar ɓarayi.

Sai dai da yawa sukan zaɓi kare ne saboda girmansa ko tsadarsa, ba tare da la'akari da aikin da zai yi, ko yanayin ƙasar da zai zauna ba.

Ƙungiyar FCI mai hedkwata a Beljiyam ta amince da jinsunan karnuka fiye da 340, kuma akasarinsu an samar da su ne domin wani aiki na musamman, kamar farauta ko kiwo ko gadi ko jan kaya a kan ƙanƙara.

Matsayin addini

Ga Musulmi, tambayar farko ita ce dalilin ajiye karen.

Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare, in ba na farauta ba ne, ko na tsaron dabbobi ko gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo.

Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin dabbobi.

Littattafan Malikiyya sun kawo labarin Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekarar 996, cewa ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, to zaki ma zai ajiye.

A mashahurin ra'ayin Malikiyya kare ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ɗaukarsa najasa.

Abin da wannan ke nufi shi ne, karen da akasarin gidajen Musulmi za su nema na tsakar gida ne. Ƙananan karnukan da Turawa ke kwana da su a ɗaki ba su da wani aiki a nan.

Batun zafi

Kare ba ya yin gumi kamar mutum. Ta hanyar haki da zaro harshe yake rage zafin jikinsa.

A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi kan zarce digiri 40 a watannin bazara, wannan batu ne na rai da mutuwa.

Jinsin Husky na Siberiya, da Caucasian Shepherd na tsaunukan Kokasus, suna da gashi rufi biyu da ya dace da tsananin sanyi. Duk wanda ya ɗaure irinsu a rana tsaka a watan Afrilu, to yana iya rasa shi a yini guda.

Matsalar ta fi tsanani ga masu dagargajajjen hanci, kamar Pug da Bulldog, waɗanda ko a Turai ma numfashi ke yi musu wuya.

Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta wallafa a shekarar 2022 ya gano cewa irin waɗannan karnuka na cikin mafi gajertar kwana, yayin da ɗan ƙaramin Jack Russell ke kaiwa sama da shekara 12.

Masu gadi

German Shepherd, wanda aka fi sani da Alsatian, shi ne ya fi suna wajen gadi. Wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar raya jinsin a shekarar 1899.

Yana da saurin koyo, abin da ya sa 'yan sanda ke amfani da shi. Amma yana buƙatar motsa jiki kullum, kuma yakan yi fama da ciwon ƙugu.

Rottweiler na Jamus da Boerboel na Afirka ta Kudu sun fi shi jiki. Boerboel kan haura kilo 60, kuma cinsa daidai girmansa yake. Kare mai wannan ƙarfi, idan bai samu horo tun yana kwikwiyo ba, yaran gida da baƙi ne ke cikin haɗari kafin ɓarawo.

A shekarar 1991 Birtaniya ta kafa dokar hana mallakar jinsuna huɗu, ciki har da Pit Bull. A shekarar 2024 ne kuma aka haramta ajiye XL Bully ba tare da izini ba a Ingila da Wales, bayan wasu hare-hare da suka jawo asarar rayuka.

Na gida ma ba baya ba ne

Karnukan gargajiya da mafarauta da makiyaya ke tafiya da su suna da gajeren gashi, sun saba da zafi, ba su kuma da tsadar ciyarwa. Idan abin da ake buƙata shi ne haushi da zai farkar da mai gida, to sun wadatar.

Daga yankin Sahel ne ma aka samu Azawakh, dogon kare siriri na Buzaye, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali. An kai shi Turai a shekarun 1970, kuma ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2019.

Masu ciyar da kare ragowar abinci ya kamata su sani cewa albasa da cakulan guba ne a gare shi.

Ciwon haukan kare

Kowane jinsi aka zaɓa, allurar rigakafi wajibi ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Da zarar alamun cutar sun bayyana, da ƙyar ake samun wanda ya tsira.

Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana wata uku, sannan a riƙa maimaitawa bisa shawarar likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da allurar a Nijeriya.

Wanda kare ya ciza kuwa, shawarar likitoci ita ce ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar, ko da karen na gidansu ne.