Daga Soro Zuwa Dogon Bene: Tarihin Hedkwatar Bankin Arewa a Kano

1.0 Gabatarwa

Mutumin Kiyawa ko Dutse da ya saba zuwa Kano ya san dogon benen nan na titin Zariya da ake kira Gidan Ahmadu Bello, wanda ya kasance hedkwatar Bankin Arewa har zuwa ƙarshen 2005. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda gini irin wannan ya samu gindin zama a ƙasar Hausa, sa'an nan a nuna cewa tsawon gini dabam, ikon da ke cikinsa dabam, domin ana iya kwashe ikon a bar ginin a tsaye.

2.0 Tsawon Gini a Al'adar Bahaushe

A zamanin da, tsawon gini abu ne na addini da sarauta. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake danganta ta da ƙarni na 15, da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, sun isa misali. Soro mai bene kuwa sai a gidan sarki ko hakimi ko babban attajiri, kuma ko shi ba a son tagarsa ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, saboda kiyaye sirrin iyali. Haka nan fatake ba su san wani gini na musamman da ake kira ofis ba. A zaure attajiri yake karɓar dillalai, ya saukar da baƙi, ya yi lissafi da yaransa. Wato dai zaure shi ne hedkwatar Bahaushe ta farko.

Dogon benen ofisoshi baƙo ne daga Amurka. A birnin Cikago aka kammala wanda ake ɗauka shi ne na farko a 1885, mai hawa goma, na wani kamfanin inshora. Abubuwa uku suka haife shi: tsadar fili a tsakiyar gari, da ƙarfen gini, da lifta, wato na'urar hawa da sauka.

3.0 Gyaɗa da Kafuwar Banki

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna a wajen ganuwa. Gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano ta ƙauyuka ce, har da na ƙasar Dutse, wadda a lokacin take cikin lardin Kano. Amma bankunan da kuɗin ke bi ta cikinsu na Turawa ne, kuma ba kasafai suke ba ɗan ƙasa rance ba.

Wannan giɓi ne gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta so ta cike da ta kafa Bankin Arewa a 1959, da haɗin gwiwar bankin Intra na Bairut. Da Intra ya durƙushe a 1966, sai ragamar bankin ta koma hannun gwamnati, daga baya kuma jihohin Arewa suka gaje shi. A titin Legas, cikin unguwar kantuna, hedkwatarsa take kafin ta koma dogon benen titin Zariya.

Ya kamata a lura cewa ba ƙarancin fili ya sa aka yi sama da ginin ba, domin Kano ba Cikago ba ce. Dalilin shi ne nuna isa. Jihar Yamma ta riga ta gina Gidan Koko mai hawa 26 a Badun a 1965 da kuɗin manomanta, Legas kuma ta samu benen NECOM mai hawa 32 a 1979. Saboda haka dogon bene ya zama wata hanya ta cewa mu ma muna nan. Sunayen da aka raɗa wa irin waɗannan gine-gine su ma shaida ne: Gidan Ahmadu Bello da Gidan Murtala da Gidan Ado Bayero a Kano, da Gidan Ahmed Talib na kamfanin NNDC a Kaduna. Bahaushe bai ƙirƙiro musu sabuwar kalma ba, sai ya kira su gida, ya jingina kowanne ga wani babban mutum, kamar yadda ya saba yi wa gidajen manya a cikin birni.

4.0 Tashin Hedkwata

Arzikin da aka dogara da shi bai ɗore ba. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Bashin da ba a biya ba ya yi wa bankin katutu. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa ya narke cikin Bankin Unity tare da wasu takwas a farkon 2006. Aka kai hedkwata Abuja, daga bisani aka mayar da ita Legas.

5.0 Kammalawa

Abin da aka rasa ba gini ba ne, domin benen yana nan inda yake. Abin da ya tashi shi ne teburin da ake yanke shawarar wanda za a ba rance. A da, ɗan kasuwar Shuwarin da ke neman jari mai kauri tafiyar yini guda ta ishe shi ya ga mai sa hannu, su yi magana da harshe ɗaya. Bayan haɗewar, sai takardarsa ta yi doguwar tafiya zuwa wurin wanda bai taɓa jin sunan Shuwarin ba. Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gari ne da ake kan ginawa, kuma wata rana za a kawo mata shawarar dogon bene. Tambayar da tarihin Bankin Arewa ya bar mata ita ce: wace dukiya ce za ta riƙe ginin, kuma a hannun wa ikon sa hannu zai zauna?