Gardamar wayar lasifika: kunne ke ji ko aljihu?

Ranar da nike koya wa ɗalibaina darasin lantarki, wani yaro ya ce: "Mushe, yayana ya nuna mini wayar lasifika a Facebook, kuɗinta ya fi na babur. Da gaske ta fi ta kasuwa daɗin sauti?" Na ce masa wannan gardama ta girmi yayan nasa, ta haura shekara 40. Ga tarihinta a taƙaice.

Har wajen 1970, masu kayan kiɗa na gida a Turai da Amurka da wayar fitila suke haɗa na'urar ƙara sauti da lasifika, kuma ba wanda ya damu. A 1979 wani injiniya mai suna Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Faransisko. Ya riƙa zagaya shaguna da wayarsa mai kauri, yana jiyar da mutane ita tare da siririyar waya. Ciniki ya buɗe. Wasu kamfanoni suka biyo sahu, kowa da kirarinsa: wannan ya ce jan ƙarfensa tatacce ne, wancan ya ce tasa ta azurfa ce.

Injiniyoyi kuwa suka koma ga ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa tun 1827. Kowace waya tana ɗan tare lantarkin da ke bin ta, kuma tarewar tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. Lasifikar gida yawanci om 4 ce ko 8. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, idan tazarar mita 5 ce, zuwa da dawowa tarewarta kamar om 0.07 ce, wato ba ta kai ɗaya cikin ɗari na om 8 ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da lantarki da kimanin shida cikin ɗari kawai, ratar da ƙarin kauri kaɗan ke cikewa.

A 1983 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga gwajin da Laurence Greenhill ya shirya. An zaunar da masu saurare, ana sauya wayoyi masu tsawon kusan mita 9 ba tare da sun san wadda ke aiki ba. Siririyar wayar ta tonu, domin ta rage ƙarfin sauti. Amma da aka sa kiɗa tsakanin Monster da waya mai arha mai madaidaicin kauri, sun kasa rarrabewa. Ke nan Noel Lee yana da gaskiyarsa game da kauri, sai dai kaurin ana samun sa da kuɗi kaɗan.

Duk da haka farashi ya ci gaba da hawa. A 2007 James Randi, mai tona asirin ƴan damfara, ya sa ladan dalar Amurka miliyan 1 ga wanda zai gane wayar kamfanin Pear Cable ta dala 7,250 da kunne kaɗai. Kuɗin wayar ya haura miliyan 3 na sefa a lokacin. Wani marubucin kayan sauti, Michael Fremer, ya amsa zai gwada, amma aka yi ta jayayya kan sharuɗɗa, kamfanin ya janye, gwajin bai yiwu ba.

Ban ɗauki masu cewa suna jin bambanci maƙaryata ba. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa, yana kallon wayar tana walƙiya, zuciyarsa ta riga kunnensa yanke hukunci. Shi ya sa ake ɓoye wayar lokacin gwaji, ko a magani haka likitoci suke yi.

Na ce wa ɗalibin nan ya gaya wa yayansa ya nemi jan ƙarfe na gaske mai kauri, ya taƙaita tsawon, ya kankare tsatsar bakin wayar ya ɗaure da kyau. Idan mai shago ya dage tasa ta fi, to ya juya baya a sauya masa wayoyin sau goma, ya faɗi wace ce wace kafin ya sa hannu a aljihu.