Man Shanu da Kokwamba: Yadda Daraja ta Sauya Hannu a Ƙasar Funtua

Kwanakin baya wani dattijo ya tsaya a tagar da muke ba da magani, da katin hawan jini a hannunsa. Ya ce mini: "Ɗana, a gida an hana ni man shanu, kullum sai a turo mini kokwamba. Mahaifina da man shanu ya tsufa. Yaushe abin ya zama guba?" Layi ya yi tsawo a ranar, ban ba shi amsar da ta kamata ba. Ita ce nake so in warware maka a nan, ya kai mai karatu, domin na san akwai irin wannan gardama a gidaje da yawa.

A ƙasar Funtua da Malumfashi, man shanu tsohon ɗan gida ne. Ya shigo tukunyar manomi ta hanyar zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakaninsa da makiyayi. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci karan dawa su bar taki, matan Fulani kuma su ɗauko ƙwarya su shigo gari. Madarar da aka tatsa ta kwana ta zama kindirmo, a kaɗa ta har mai ya taso ya rabu da nono, a cure shi a jefa cikin ƙwarya yana yawo. Uwargida ta saya ta soya da albasa, ruwan jikinsa ya ƙone, sai ya daɗe bai lalace ba. Wannan dabarar adanawa ce ta mutanen da ba su da firji. Amma ka lura da abu ɗaya: ba kullum ake samunsa ba. Da damina nono ya yawaita, da bazara shanu su rame ya yi wuya. Cokali ɗaya ake zubawa a kan malmalar tuwon dawa da miyar kuka, a kai wa maigida ko baƙo ko mai jego. Wanda ya ci kuwa ya wuni yana huɗa da garma.

Zuwan Turawa ya sauya lissafin mai a wannan ƙasa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau har ya dire Ƙauran Namoda a 1929, Funtua ta zama cibiyar auduga, da injin gurza da 'yan kamasho da fataken nesa. Gyaɗa ta ba mu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wadace, angurya ma aka riƙa matse ta a fitar da mai. Sai ga bota ta gwangwani a kanti. Asalinta ba na shanu ba ne: wani Bafaranshe mai suna Mège-Mouriès ya ƙirƙiro ta a 1869 don ta maye gurbin man shanu da araha. Ta samu shiga wurin mai shayi, ta zauna a kan burodi, har yara suka tashi ba su bambance ta da na ruga. A 1975 aikin gona na Bankin Duniya ya sauka a Funtua, tare da na Gusau da Gombe, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara, masara ta mamaye gonaki. Kuɗi suka shigo, suya ta yawaita, babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa. Mai da ake ɗanɗanawa ya zama abin da ake iyo a cikinsa.

Ita kuwa kokwamba baƙuwa ce a faifanmu, ko da yake tsohuwa ce a duniya. Asalinta ƙasar Indiya, inda aka yi shekaru dubbai ana nomanta. An ambaci danginta a cikin Suratul Baƙara, kuma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ci irinta haɗe da ɗanyen dabino. Abin da kakanninmu suka sani shi ne ɗan'uwanta gurji, wanda kan yi yaɗo a gona da damina, yara su tsinka, mata su yanka su kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba wanda ya taɓa kai wa suruki gurji a matsayin gaisuwa. Doguwar kokwamba ta biyo noman rani ne da motocin kayan gwari, ta zo tare da karas da kabeji da latas. Darajarta ta tashi lokacin da hawan jini da ciwon sukari suka cika asibitoci, wayar hannu kuma ta cika da masu ba da fatawar lafiya ba da lasisi ba.

To, bari mu ɗora su a sikeli. Giram 100 na man shanu yana ɗauke da kalori kusan 717, kuma kashi 81 cikin ɗari nasa kitse ne. Idan an soya shi ruwan ya fita, ƙarfin ya kan haura haka. Giram 100 na kokwamba kalori 15 ne kacal, kashi 95 cikin ɗari nata ruwa. Wato babban cokali guda na man shanu, mai kalori wajen 100, sai ka ci kusan giram 700 na kokwamba kafin ka kamo shi. Man shanu yana da bitamin A mai yawa, wanda rashinsa ke jawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara. Abin sha'awa ma, a cikin man shanu da ƙwaiduwar ƙwai masana suka fara gano wannan bitamin a Amurka a 1913. Kokwamba tana da ɗan sinadarin fotasiyam da bitamin K da ɗan harza a ɓawonta, amma babbar kyautarta ita ce ta cika ciki ba ta ƙara ƙiba ba.

Laifin man shanu yana cikin irin kitsensa. Fiye da rabin nauyinsa kitse ne mai daskarewa, wanda ke ɗaga mugun kolestarol a jini, shi kuma a hankali ya ƙuntata hanyoyin jini na zuciya da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 22 ke nan, kuma kowane babban cokali na ɗauke da wajen giram 7. Cokali uku sun cinye rabon yini, tun ba a lissafa tsire da kitsen nama da madarar shayi ba. Mahaifin dattijon nan bai taɓa haɗa waɗannan duka a rana ɗaya ba.

Sai dai ina tsoron gyaran gangar auzinawa. A shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu daga Ingila sun zauna a yankin Malumfashi suna nazarin cututtukan karkara, kuma daga cikin abin da aka wallafa akwai cewa gudawa ta fi daɗewa a jikin yaron da ya rame. Wannan matsala ba ta kau ba. Satar shanu da rashin tsaro a wajajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun kori rugage da yawa, nono da mai suka yi tsada, tamowa kuwa tana nan. Cikin yaro ƙarami ne, kunun zalla ba ya isar sa. Ƙaramin cokalin man shanu ko man gyaɗa a cikin kunun yaron da ya wuce wata shida alheri ne babba. Uwar da ta ji an ce mai cuta ne ta hana ɗanta, ta ba shi kokwamba, ta cika masa ciki da ruwa ne kawai. Haka mai shayarwa, haka tsohon da ciwo ya ramar.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'ata kai tsaye. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, mai haɗin artemether da lumefantrine, ba ya shiga jini yadda ya kamata sai an sha shi da abinci mai maiƙo. Wanda ya haɗiye shi da ruwa a kan yunwa, ko bayan ya ci kokwamba kaɗai, yana iya samun rabin aiki, zazzaɓi ya dawo, a ce maganin jabu ne. Kofin madara, ko ɗan tuwo da man shanu, ya wadatar.

A ɗaya gefen, na ga wata baiwar Allah da ta ajiye maganin sukarinta wata biyu saboda an ce mata ruwan kokwamba da safe yana wanke ciwon. A kan gadon asibiti muka sake haɗuwa. Kokwamba abinci ce mai kyau ga mai sukari da mai hawan jini, musamman in ta maye gurbin cincin da lemon kwalba, amma ba ta maye gurbin ƙwaya. Kuma da yake ɗanya ake cinta, a wanke ta da ruwa mai tsabta kafin a yanka, domin ba ka san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, wadda aka fere aka ajiye a tire a bakin tasha kuwa ƙuda ya riga ka. In an barbaɗe ta da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, mai hawan jini ya mayar da hannun agogo baya.

Da dattijon ya dawo karɓar magani a wata na gaba, na roƙe shi ya zo da wadda ke masa girki. Muka zauna mu uku muka yi lissafi. Aka rage gishirin miya, aka daina suyar safe, kokwamba ta zauna a gefen kwano da rana. Man shanu kuma aka bar masa ƙaramin cokali ɗaya a tuwon daren Juma'a.