Matan Da Suka Je Kabari Da Asuba

Ina da wata maƙwabciya Kirista, dattijuwa, muna zaman mutunci. Da bikin Ista takan aiko mana shinkafa, mu kuma da Babbar Sallah mu aika mata nama. Ran nan muna gyaran alayyafo a tsakar gida sai na ce, "Mama, wai wa ya fara gani, ranar da kuke cewa Yesu ya tashi daga matattu?" Ta yi dariya ta ce, "Mata ne, irinmu." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, har sai da na bi sawunta.

'Yar'uwa mai karatu, kin san imaninmu mu Musulmi game da Annabi Isa (AS), cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. To amma ba wa'azi ya kawo ni ba, tsofaffin takardu za mu leƙa. Akasarin masana tarihin Turai, har marasa addini, sun karɓi labarin gicciyewar a zamanin gwamna Bilatus, wajen shekara ta 30. Inda suke ja da juna shi ne abin da ya faru a rana ta uku.

Rubutu mafi tsufa a kan tashin yana cikin wasiƙun Bulus. A wadda ya aika wa mutanen Korinti wajen shekara ta 54, ya jero waɗanda aka ce sun gan shi: Bitrus, almajirai sha biyu, mutum sama da 500, Yakubu, sai shi kansa. Babu mace ko ɗaya, kuma bai ce an tarar da kabari wayam ba.

Sai a Bisharar Markus, wadda aka rubuta wajen shekara ta 70, matan suka bayyana. Su uku ne, sun tafi da turare da sassafen Lahadi, suka iske an kawar da dutsen bakin kabari, wani saurayi mai farin tufafi ya ce musu ya tashi. Suka fita da gudu jiki na rawa, ba su gaya wa kowa ba. Kin ji inda littafin ya tsaya a manyan kwafe biyu na ƙarni na 4, ɗaya a Batikan, ɗayan kuma wanda Bajamushe Tischendorf ya gano a gidan sufayen Kirista na Dutsen Sina'i a 1844 da 1859. Ayoyi 12 na ƙarshe, masu ba da labarin ganinsa a raye, babu su a ciki.

Sauran Bisharun kuma ba su yi baki ɗaya ba. Matiyu ya ambaci mata biyu da mala'ika ɗaya, har da girgizar ƙasa. Luka ya ce maza biyu ne masu tufafi mai walƙiya. Yahaya kuwa Maryamu Magadaliya kaɗai ya ambata da suna. Wadda ta taɓa jin malamai na tantance ruwayar hadisi ta san irin tambayar da za a yi a nan.

Kuma shakkar ba ta yau ba ce. Tun wajen shekara ta 177 wani masanin falsafa mai suna Selsus ya yi wa Kiristoci ba'a, wai sun dogara da maganar macen da ta ruɗe. Abin ya ba ni haushi, ko da ba addinina yake zagi ba. Kafinsa ma Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata a shari'a.

Abin mamaki, wannan rainin ne malaman Kirista suka mayar hujja. Suka ce in da ƙirƙirar labarin aka yi, wane wawa zai ɗora shi a bakin waɗanda alƙali ba zai saurara ba? Ba ƙaramar hujja ba ce, na yarda. Masu shakka kuma suka ce ai shi Markus ɗin ne ya nuna mazan duk sun tsere tun daren kamun, mata ne suka tsaya suka ga inda aka sa shi, to wa ya rage da za a tura?

Na koma na zayyana wa Mama duk wannan. Ta saurara har na gama, tana tsinke ganye. Ta ce ta san da zancen ƙarshen Markus, akwai bayaninsa a ƙasan shafin nata littafin, kuma ita ba a kan takarda ta jingina ba. Daga nan ta ce in miƙo mata wuƙa.